Zakaran Kawu da Jajayen Dada

Nafisa ce ta tayar da wannan zance. 'Yar maƙwabciyata ce, ta gama karatu, ta yi aure, tana neman abin yi a cikin gida. Ranar nan ta shigo da ƙawayenta biyu, kowacce da waya a hannu, suka gaishe ni suka zauna a tabarma. Ta ce, "Inna Hajo, kiwon kaji za mu fara. Mun duba sana'o'in gida duka, shi ne mai sauƙi. A zuba dusa, a zuba ruwa, a kwashe ƙwai. Jajayen nan naki muke so ki sayar mana, waɗanda Mama take ba da labarinsu."

Na ce to, sannunku da gano sauƙi. Ni da na haura shekara talatin a ciki ban gamu da shi ba tukuna, wataƙila ta bayan gida yake shigowa ina tsakar gida. Suka yi dariya. Ban ba su amsa a kan jajayen ba ranar, don amsar tana da tsawo. Ga ta nan yanzu, don su da duk wanda yake ganin kaza ita ke kiwon kanta.

Aikina na farko a wannan sana'a shara ce. Ina amarya a gidan haya a nan Mubi, akwai wata tsohuwa a gidan, Dada Ummi, mutuniyar Sahuda, tana da kaji jajaye masu baƙar wutsiya. Na ce ta koya mini, ta miƙo mini guntuwar tsintsiya da ɓallin ƙwarya. Akurkinta na laka ne, an ɗora shi a kan duwatsu, ƙofarsa ba ta fi shigar kai da kafaɗa ɗaya ba. Kullum da hantsi in durƙusa in kankare kashi, in kwashe, in barbaɗa toka mai sanyi a kowane lungu. Ƙuma ta cije ni har wuya, mijina Malam Sa'idu ya ce shi dai bai san kaza ya auro ba. Damina guda na yi ina wannan, Dada ba ta bar ni na taɓa ƙwai ko ɗaya ba.

Da na gaji na yi ƙorafi, sai ta ce da irin Hausarta, "Ke kina so ƙwai. Kashi ɗin da kina share, kin duba shi? Kaza ba ya magana. Kashi ne yana faɗa miki yau lafiya, gobe babu." Tun daga nan na fara dubawa. Har yau in na shiga gidan mutane, kafin in ga fuskar matar gida na riga na ga kashin kajinta. Ba halin kirki ba ne, amma ya bi jikina.

Ranar da ta fara ba ni ƙwai, wurin kwanci muka haɗa. Tsohuwar tukunyar ƙasa da bakinta ya fashe, a zuba yashi daga mayo, wato rafi, kamar tsayin yatsa, a bi da toka, a shimfiɗa busasshen ganyen darbejiya saboda ƙwarƙwata, sannan ciyawa mai laushi. A yayyafa wa yashin ruwa kaɗan in zafi ya yi yawa, in ba haka ba ɗan tsako ya bushe a cikin ɓawo. Ƙwan ma zaɓe ake yi. Mai tsawo da yawa a ci, mai ɓawo kamar yashi a ci, wanda ya daɗe a ajiye a ci. Ba a wanke ƙwan kwanci, ba a taɓa shi da hannun da ya taɓa mai. A yi wa kowanne alama da gawayi, don wata kazar takan lallaɓo ta ƙara nata a ciki, ke kuma kina can kina murna ƙwai ya yi albarka. In an yi rabin tafiya, a ɗauko su ɗaya ɗaya a shiga ɗaki a rufe taga, a haska da tocila. Mai rai za ki ga jijiya kamar saiwa, baragurbi kuwa ruwa ne kawai yake yawo. A fitar da shi tun bai fashe ya ɓata sauran ba. Sati uku ake yi, kuma duk sati ukun nan kazar ce ke aikin, ke naki tsaro ne da bakinki a rufe.

To a nan jajayen Dada suka bambanta. Ba su fi sauran kaji nama ba, ba su fi su yawan ƙwai ba, wanda ya ce miki haka yana son ya sayar miki ne. Abin da suke da shi kwanci ne da riƙon 'ya'ya. Ja in ta kwanta ta kwanta ke nan, ko a gefenta ake daka ba ta tashi. Ki miƙa hannu ta sare ki har jini. In ta fito da 'yan tsaki, idonta ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, ta yi wani ƙaraji guda duk su ɓace ƙarƙashin turmi. Dada ta ce daga hannun kakarta suka fito, kuma dokar ɗaya ce: budurwar kazar da ba ta sari hannu a kwancinta na fari ba, sai tukunyar miya. Haka aka yi ta tacewa tun kafin a haife ni. Da Dada za ta koma Sahuda, inda ta rasu, ta ba ni uku a kwando ta ce, "Zakara baƙo ne, yana zo yana tafi. Mace ɗin ne gida. Kar ki bar shi ya ƙare a hannunki."

Wannan maganar ce na ɗauka a kai duk tsawon shekarun nan. Ko shekarar tashin hankali da kowa ya bar gari a guje, na bar tukwanena na bar katifa, na fita da jajaye huɗu a cikin buhun da na huda. A hanya mutane suna kallona kamar mai taɓin hankali, amma da su na dawo.

Ciyarwa ma ba zuba dusa ba ce kawai, Nafisa. Ɗan tsako sabon fitowa tsakin dawa yake so, mai laushi, da gara. Garar kuwa kama ta ake yi. A cika tsohon tulu da busasshen kashin shanu da guntayen kara, a jiƙa, a kife shi a bakin shuri, a rufe da buhu. Da sassafe kafin rana ta yi zafi a je a ɗago a juye musu. Akwai mai jan kai da ke kama maƙogwaron ɗan tsako ta kashe shi, sai kin san wadda za ki ba su. Na yi shekaru ina zuwa bayan kasuwar shanu roƙon kashin shanu, 'yan kasuwa suna tsokanata wai Hajiya mai sayen abin da ba a sayarwa.

Shinge kuwa, shi ya ci ƙarfina. Da muka samu namu gida, dangar kara na fara yi, ina ganin na gama. Wata safiya na fito na tarar da 'yan tsaki a jere a gindin danga, kowanne ba kai. Tunku ne. Ba ya cin ɗaya ya tafi, sai ya kashe duk wanda ya samu, kamar an aiko shi. Na sa aka sayo waya mai ƙananan ido, aka kafa azara, na shafe gindin kowacce da baƙin mai saboda gara. Tunkun ya zo ya tona ta ƙasa. Na sa aka haƙa rami zagaye har gwiwa, aka binne tsohon kwanon rufi a tsaye, aka lanƙwasa gindinsa waje, aka zuba fasassun kwalabe aka mayar da ƙasa. Da ƙasa ta gagara, muzuru ya hau ta sama. Na rufe saman da tsohuwar komar masunta, na ɗinke ta da igiyar buhu da hannuna har yatsuna suka yi kanta. Shirwa ta dawo tana zama a kan mangwaron maƙwabta tana jiran lokacin da zan sake su su sha iska. Ita kuma na rina mata 'yan tsakin da bula, suka koma shuɗaye, ta yi ta shawagi ba ta gane abinci ba ne. Maciji ya shigo ta ramin gafiya ya haɗiye ƙwai ya kasa fita. Kowane ɗayansu sai da ya ci rabonsa kafin in koyi maganinsa.

Malam yakan ce gidan kajin nan ya fi ɗakinmu tsaro, in ɓarayi sun zo can za mu shiga. Ni kuwa ina alfahari da shingen nan, ba zan ɓoye ba. An yi shekaru ko ɓera bai ɗauki gashin kaza ɗaya a ciki ba.

A shingen nan aka ƙyanƙyashe wata ja, Masifatu. Ni na sa mata sunan, kuma ta ci shi. Ranar da shirwa ta sauko a kan 'ya'yanta a tsakar gida, ta tashi sama ta tare ta, suka faɗo tare, ta rasa ido ɗaya, amma ba a ɗauki ɗa ko ɗaya ba. Da ta tsufa ta daina ƙwai ban yanka ta ba, don kwancin bai bar ta ba. Sai ta zama uwar riƙo. Zabuwa ba ta iya kwanci ba, sai masu zabi su kawo mini ƙwansu in sa mata, in sun fito a raba.

Masu saye kuwa kala kala ne. Akwai mai zuwa ranar suna tana matsa ƙirjin kaza kamar za ta fasa shi, tana cewa ba nama. Akwai mai neman fari tas ko baƙi wuluk, ba na tambayar me za a yi da shi. Maman Rifkatu, wadda muke katanga ɗaya, kowace Kirsimeti zakaru biyu take ɗauka, kuma ita ce mai kawo ƙwan zabi daga ƙauyensu. Waɗanda na fi so su ne masu cewa iri suke nema. Su nakan zaunar in yi musu bayani kamar yadda Dada ta yi mini, su ce to, to, su tafi. Bayan shekara in tambaya, sai a ce ai an yi baƙi an yanka, ko an haɗa su da manyan kajin gona don su ƙara girma. Girman suna ƙarawa, sai dai jikokin ba sa kwanci, su yi ƙwai su tsallake shi su tafi yawo.

Yanzu ga inda sana'ar take da rauni. Ba a barin zakara ya hau 'ya'yansa, in aka bari 'yan tsaki su riƙa fitowa da karkatattun ƙafafu, ƙwai ya riƙa mutuwa a ɓawo. Dole lokaci lokaci a kawo zakara daga waje. Dokar Dada a nan ita ce, baƙon zakara ba ya shiga cikin kaji ranar da ya zo. A ɗaure shi a gindin lemun tsami can bayan madafa, da kaskon ruwansa daban, Juma'a ta wuce wata Juma'ar ta wuce, ana duba kashinsa. Ban taɓa karya wannan doka ba. Akwai kuma maganin rigakafi da malamin dabbobi ke ɗiga musu a ido, kuma yana aiki, kada wata tsohuwa ta ce muku ƙarya ne. Sai dai kwalbar ta kaji masu yawa ce, in an buɗe ba ta kwana, sai unguwa ta haɗu a kira shi rana ɗaya. A shekarar da zan ba ku labari, an yi ta cewa sai an gama girbi, sai an gama girbi.

Ƙarshen damina ne, sabuwar gyaɗa ta fara shigowa kasuwa. Ina tankaɗe a tsakar gida na ji keke ya tsaya a ƙofa, aka yi sallama. Kawu Hamman ne daga Gella, wan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar babana, shi ya aurar da ni. Ya tsufa, ido ya fara yi masa nauyi, ya kusa shekara biyu bai hau bas ya zo Mubi ba. Yana rungume da zakara a hammata, ƙato, ja mai sheƙi, zankonsa tsaye. Na taɓa faɗa masa a waya cewa ina neman zakaran iri.

Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa hannu biyu in karɓa. Ya ce, "A'a, Hajo. Wannan da hannuna zan saka shi. Ina ne gidan kaji ɗin?"

Na ce, "Kawu, ka huta tukuna, ka sha ruwa. Bari in ɗaure shi a inuwa ya huce gajiya."

Ya ce, "Ɗaure? Zakarana ba ɓarawo ba ne. Ni na kiwata shi tun yana ƙwai. Ko kina ganin na kawo miki abin banza?"

Malam yana tsaye a gefe, ya yi mini ido. Ku yaran yanzu za ku ce ai sai a yi masa bayani. Ku je ku yi. Mutumin da ya ciyar da ke, ya hau bas da tsufansa, ya ɗauko abin da ya fi so a gidansa, ki ce masa kyautarsa sai an ga kashinta? A wurinmu kyautar babba a gabansa ake nuna an karɓe ta. Ya taka da sandarsa har bakin shingen, ya lalubi sakata ya zare, ya kwance igiyar ƙafar zakaran, ya yi bismilla ya sake shi. Zakaran ya karkaɗe jiki, ya yi cara, ya nufi kaskon ruwa ya sha. Jajayen suka taru suka sha bayansa.

Na ce a raina ba komai, ga shi garau, da Kawu ya tafi zan kama shi. Na yi tuwo da miyar kuka na kai musu zaure. Ina daga bakin ƙofa a durƙushe muna hira, sai Kawu ya ce wa Malam, "Ai ciwon kaji ya shiga Gella. Gida gida yana bi. Nawa ma biyu ya faɗi jiya. Na ce iskan garin ya ɓaci, wannan kam ba zan bar shi ya mutu ba. In kai shi wurin 'yata, wurinta akwai tsaro."

Ya faɗa yana murmushi, yana jiran in yi godiya. Na yi godiyar. Haka mutanenmu suke yi tun da can, in ciwo ya shiga gari sai a ɗauke dabbar da aka fi so a kai ta gidan dangi ta tsira, don a ganinsu ciwon na wurin ne. Na tashi na shiga madafa. Tsoro ne ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko ranar tunku. Na zagaya ta baya na kama zakaran na ɗaure a gindin lemun, na zubar da ruwan, na wanke kaskon da toka. Na san aikin banza nake yi, amma na yi.

Ba a rufa sati ba na ga koren zawo a ƙofar akurki. Fakat ke nan, ciwon da in ya shiga ba ya tambayar ta wa ce. Kaza ta tsaya ta saki fiffike tana gyangyaɗi da rana tsaka, numfashi yana ƙara, yawu yana zuba. Na jiƙa ɓawon maɗaci, na daka gautan kaji da barkono, na fasa kafso a ruwa, na ɗura musu da cokali. Na kira malamin dabbobi, ya zo ya duba ya ce, "Inna, rigakafi kafin ciwo ake yi. Yanzu sai dai a raba masu lafiya a yi addu'a." Gaskiya ya faɗa. Na raba, waɗanda na raba ma suka bi. Kullum da safe in buɗe sakata in shiga da kwando. Wasu maƙwabta suka ce in yi maza in kai masu sauran ƙarfi kasuwa kafin su faɗi, haka kowa ke yi. Na ce ba da ni za a kai wannan gidan wata ba. Malam ya haƙa rami a bayan gida, ya ƙara haƙa wani. Shingen yana nan tsaye, ko waya ɗaya ba ta tsinke ba, ciki kuwa babu mai motsi.

Biyu suka rage. Zakaran Kawu ya yi ciwon ya tashi, sai dai wuyansa ya murɗe, kansa yana kallon sama ta gefe. Sai Masifatu, wadda duk wannan abu tana ɗakin ajiya a kan ƙwan zabin Maman Rifkatu, da ruwanta daban, ba ta san me ake ciki ba.

Akwai sauran dama ɗaya. A cikin tukunyar yashi a ƙarƙashin gadona akwai ƙwan jajayen da na tara kafin ciwon, ina jiran wata ta yi kwanci. Sun fara daɗewa. Na bi gidaje neman aron kaza mai kwanci, kowa ya ce Allah ya kiyaye gaba, babu mai sa kazarsa a gidan da fakat ya shiga, babu mai karɓar ƙwan gidan. Na je wurin wani matashi mai injin ƙyanƙyasa, ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. Ƙwan mutane ne cike a ciki, in na sa naki wani abu ya faru, me zan ce musu?" Ban ji haushinsa ba, ni ma da haka zan ce.

Sai zabin suka fito. Akwai dabarar da muke yi in an matsu: a kwashe 'ya'yan tun ba su bushe sosai ba, kafin uwar ta tashi da su, a zura mata sabon ƙwai, sai ta zarce. Na kai wa Maman Rifkatu zabinta a kwali, na canja ciyawa, na jera wa Masifatu ƙwan jajaye. Ta dube ni da idonta ɗaya, ta sare ni a hannu, ta gyara su da baki ta kwanta. Ta riga ta yi wata guda a zaune kan na zabi. Na riƙa kai mata gara da tsaki har bakin tukunya, ina ɗaga ta da hannu ta ci, ina jin ƙashin ƙirjinta kamar bakin wuƙa. Da na haska ƙwan da tocila, na ga jijiya a fiye da rabi. Ranar na ci abinci sosai, Malam har ya yi mini tsiya.

Saura kaɗan su fito, na je gaisuwar rasuwa a unguwa na yini. Da na dawo na tarar da ita a tsakar gida tana tangaɗi, tana tsintar ƙasa. Ba ta taɓa tashi daga kan ƙwai ba tunda take. Na mayar da ita ta fito, na sake mayarwa ta sake fitowa. Jikinta ne ya ƙare, ba halinta ba. Na taɓa ƙwan, sanyi ƙalau. Na nannaɗe su a zane na sa kusa da murhu, na yi ta juyawa, har lokacinsu ya wuce babu wanda ya yi motsi. Da na fasa ɗaya, ɗan tsako ne cikakke, ya naɗe, gashinsa ja. Ban fasa sauran ba, na binne su haka nan. Na zauna a bakin ramin na yi kuka, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Bayan sanyi ya wuce na shiga nema. Duk wadda na taɓa sayar wa iri na je gidanta. Na hau mota har Sahuda, gidan su Dada. Jikarta ta karɓe ni da kyau, ta nuna mini fararen kajin gona a keji, ta ce jajayen ai tun tuni, ba sa girma da wuri. A wani gida aka nuna mini wata ja mai baƙar wutsiya tana kwanci. Na miƙa hannu ƙarƙashinta. Ta tashi ta ba ni wuri.

To Nafisa, amsarki ke nan. Ba ni da jajayen da zan sayar miki. Ja ɗaya ta rage a duniyar da na sani, ba ta ƙwai, ranar da ta faɗi an gama. Ki sayi naki inda kika samu, ki yi rigakafi ko unguwa ba ta haɗu ba, ki zo in nuna miki yadda ake binne kwano. Kuma kafin ki kafa shinge ki fara dasa abin da za ki ɗaure baƙo a gindinsa, ki kuma tanadi abin da za ki faɗa wa babba in ya zo da kyauta a hammata. Ni har yau ban samo ba.

Da ƙaramar Sallah na je Gella gaishe da Kawu. Ido ya tafi gaba ɗaya yanzu, da murya yake gane mutane. Ya riƙe hannuna ya ce, "Hajo, zakaran nan fa?"

Na ce, "Yana nan, Kawu."

Ya yi dariya har da tari. Ya juya wurin mutanen da ke zaune ya ce, "Kun ji? Kaji na Gella duka ya mutu, shi kaɗai ya tsira. Da ban kai shi ba fa?" Ya sake matsa hannuna. "In jajaye ɗin sun ƙyanƙyashe nashi, ki ajiye mini budurwa ɗaya. Ina so in ji kukan kaza a gidan nan kafin in tafi."

Na ce, "To, Kawu."

Na hau bas na dawo. Zakaran iri da babba ya bayar ba a yanka shi, balle ana tambayarsa duk Sallah. Yana nan cikin shingen, shi da Masifatu, wuri ya yi musu yawa. Da wuyan nan nasa ba ya iya saitin ƙwaya, ya kai sara ya sami ƙasa. Kullum da safe sai in durƙusa in tallafe masa kai da hannun hagu, in tara masa dawa a tafin dama, har ya ƙoshi.